Gasar rediyon sha'awa: wa ke da gurbi idan tashoshi biyu suka haɗu wuri ɗaya?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da bai daɗe da karɓar lasisi ba, lambar kiransa ta fara da 5N, alamar tashoshin Najeriya. Rediyonsa mai wat 100 ne, eriyarsa kuma waya ce da ya ɗaure tsakanin sanda da bishiya. A gasar CQ WW ta murya, gasar duniya da masu rediyon sha'awa ke tara maki ta hanyar hulɗa da wasu tashoshi, ya samu wuri a mita 20, wajen kilohaz 14,240, ya tambaya ko da kowa, ya ji shiru, ya fara kira, mutane suka yi ta amsa masa. Can sai wata babbar tasha daga kudancin Turai ta danne shi, mai ita yana cewa tun safe yake zaune a wurin. Shi ne yake tambaya: wa ke da gaskiya, akwai dokar da ta raba wannan gardama, kuma me ya hana a ware wa tashoshin nesa irin namu wurinsu daban?

Malam, barka da shigowa harkar. In fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: kai da shi duk babu mai wannan gurbi. Lasisin da hukuma ta ba ka izini ne na aiki a cikin mita baki ɗaya, daga 14,000 zuwa 14,350, kuma irin wannan izinin ke hannun kowane mai lasisi a duniya, in ban da iyakokin da ƙasarsa ta sa masa. Amurkawa ma sun rubuta shi ƙarara a dokarsu, sashe na 97.101, cewa ba za a keɓe wa wata tasha wani gurbi ita kaɗai ba, kuma sashen ya haramta kutse da gangan. Abin da ya rage bayan wannan al'ada ce, irin ta kasuwar ƙauye mai ci mako-mako: wanda ya riga shimfiɗa tabarma shi ke da wurin muddin yana zaune yana ciniki, in ya naɗe ya tashi kuwa, ba ya dawowa ya ce jiya nan yake. Saboda haka "tun safe nake nan" hujja ce kawai idan da gaske bai ɗaga ba. Wanda ya tafi wata mita neman maki na minti biyar ya dawo, ya rasa wurin.

To amma kada ka yi saurin cewa ƙarya ya yi. Mai yiwuwa ne ƙwarai ku biyun duk gaskiya kuka faɗa. Gajeren zango ba ya tafiya a miƙe, sama yake hawa ya daki wani sashe na sararin samaniya ya sauko, kuma inda yake sauka yana canzawa da tafiyar rana. Daga Kano zuwa Roma kusan kilomita 3,300 ne, tsalle ɗaya ke nan. Ana iya shafe awa guda wannan hanya tana rufe, kai kana aiki da Ingila da Jamus, shi yana aiki da Amurka, duk a gurbi ɗaya ba mai jin wani. Da rana ta karkata hanyar ta buɗe, kowa ya ga ɗan'uwansa a matsayin mai kutse. Ƙari a kan haka, eriyarsa mai juyawa ce. Idan ɗan Italiya ya fuskantar da ita arewa maso yamma wajen Amurka, Najeriya tana gefensa ne, inda eriyar ta fi kurumta, ana iya rage ƙarfinka da desibel 20 ko fiye. Shi kuma yana da wat 1,500 a kan naka 100, bambancin kusan desibel 12 ke nan, wato maki biyu a ma'aunin S na rediyonka, mai nuna ƙarfin sigina, kafin ma a lissafa abin da eriyarsa ke ƙara masa. Sakamakon shi ne kai kana jin sa kamar yana cikin ɗakinka, shi kuwa da ƙyar yake jin motsinka. Da ka tambaya ko da kowa, wataƙila yana sauraron wata tasha ce mai rauni, bai ma ji tambayar ba. Shi ya sa tambaya sau ɗaya ba ta wadatarwa. A saurara tukuna kamar rabin minti, a tambaya, a dakata, a sake. A tangaraho, wato saƙon Morse, ana buga QRL? ne, ma'ana ko da kowa a wurin, kuma ba a bin sa da CQ, kiran neman duk mai amsawa, nan take, sai an bar wa amsa fili.

Akwai hanyar gane wanda wurin ya fi zama nasa: saurari masu kiran. Idan suna faɗin lambarsu daidai lokacin da ka saki makirfo, naka ne. Idan lokacinsu ya fi dacewa da nasa, to ka sani rabin waɗanda ka rubuta a rajistarka ba da kai suke magana ba, kuma masu tantance gasar za su soke su har da tara.

Yanzu ga lissafin da ke haddasa rigimar. Muryar SSB, wato salon aika murya da ake amfani da shi a gasar, in tana da tsabta tana cin kusan kilohaz 3. Amurkawa ba su da izinin murya a mita 20 sai daga 14,150 zuwa sama, don haka filin da kowa ke rububi kilohaz 200 ne, gurbi sittin da 'yan kai. A mita 40 abin ya fi tsanani: mu a Yanki na 1, wato Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, iyakarmu 7,200, su kuma muryarsu daga 7,125 take farawa, inda muka haɗu kilohaz 75 ne kacal, gurbi 25. Wannan ma sabon samu ne, don sai a ƙarshen Maris 2009 gidajen rediyo suka tashi daga 7,100 zuwa 7,200 bisa matsayar taron sadarwar rediyo na duniya na 2003. A kan waɗannan 'yan gurabe ne dubban tashoshi ke turereniya tsawon awa 48, daga ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar agogon Najeriya da Nijar. Babu tsarin da zai sa kowa ya samu wurin zama. Mafi yawan mahalarta dole su yi yawon farauta, suna bin masu kira ɗaya bayan ɗaya.

Batun ware wuri kuwa, an yi, sai dai ba yadda kake zato ba. Ƙungiyar IARU ta masu rediyon sha'awa na duniya, wadda aka kafa a Paris a 1925, tana da jadawalin rabon mita ga kowane yanki. A namu, an nuna inda aka fi so a yi gasa: a mita 20, tangaraho daga 14,000 zuwa 14,060, murya daga 14,125 zuwa 14,300. A mita 80 an ba hulɗa tsakanin nahiyoyi fifiko daga 3,500 zuwa 3,510 da kuma 3,775 zuwa 3,800, a mita 40 daga 7,175 zuwa 7,200. A mita 160 an daɗe ana barin 1,830 zuwa 1,835 domin tsallaken teku. Akwai kuma 14,195 da kewayensa da aka fifita wa masu tafiya tsibirai da ƙasashen da ba a cika samu ba. Sai dai jadawalin yarjejeniya ce ta mutunci, a yawancin ƙasashe ba doka ba ce, kuma dokokin CQ WW ƙarfafa bin sa kawai suka yi. Abin da suka hana kai tsaye ga 'yan yankinmu shi ne aikawa sama da 7,200 ko ƙasa da 1,810.

Ka lura tagogin nan, wato sassan da aka fifita wa hulɗar nesa, duk a ƙananan mitoci suka fi yawa, kuma da dalili. A mita 80 da 160 siginar maƙwabci tana da ƙarfi sosai, ta nesa kuma raɗa ce a cikin hayaniya, ga hanyar ba ta buɗewa sai cikin dare, ta fi kyau dab da fitowar rana ko faɗuwarta. Bajamushe biyu suna musayar lamba a 3,790 za su iya rufe wa nahiya guda hanya. Don haka ni ina goyon bayan a kiyaye tagogin nan ko a tsakiyar gasa. Bature ya kira CQ a ciki ba laifi, in dai nesa yake nema, amma ya zauna yana tara maƙwabtansa a wurin, wannan cin zali ne ko da babu dokar da za ta kama shi.

A mita 20 da 15 da 10 kuwa ba na ganin taga za ta amfane mu. Su wa za a kira na nesa? Ga ɗan Japan, Faransa nesa ce. Ga ɗan Brazil, kowa nesa ne. A gasar da aka gina kacokan kan tsallaka nahiya, kusan kowace hulɗa ta cancanci shiga tagar, sai ta cika ta batse a minti na farko. Idan kuma aka ce Afirka kaɗai, waɗanda za su mamaye ta su ne manyan tashoshin Maroko da tsibiran Kanari da Madeira da Kef Bad, masu hasumiyoyi a kan duwatsu. Ba banza suka kafa sansani can ba: a CQ WW hulɗa da wata nahiya maki 3 ce, da ƙasar da kuke nahiya ɗaya maki 1, su kuwa ga Turai a bakin ƙofarsu amma lissafi ya ce Afirka suke. Mai wat 100 a Zariya ko Maraɗi zai sake samun kansa a waje, wannan karon 'yan nahiyarsa ne suka ture shi.

Inda nake ganin rashin adalci na gaske ba a yawan wat yake ba, tunda kowa da rukuninsa: wat 1,500, wat 100, da wat 5. Yana wajen faɗin sigina. Mutum ya murɗe makirfo da amfilifaya har muryarsa ta fantsama kilohaz 8 ko 10, ya cinye gurbin mutum uku, kuma wasu da saninsu suke yi don su kore maƙwabta. Haka a tangaraho, ƙwas-ƙwas ɗin maɓallin da ba a daidaita ba yana bazuwa hagu da dama. Dokokin CQ WW sun lissafa wannan cikin halayen da ake hukuntawa, sun kuma hana tasha ɗaya fitar da sigina biyu a mita ɗaya lokaci guda, ko kiran CQ bi-da-bi a gurbi biyu na mita ɗaya. Abin da ba su hana ba shi ne gwani mai rediyo biyu ya riƙe gurbi a mita 20 da wani a mita 15 yana kira nan yana kira can, ko tasha mai ma'aikata da yawa ta dasa mutum a kowace mita daga farkon gasa har ƙarshe. Halal ne a doka, ƙwarewa ce kuma ba ƙarama ba, amma a faɗi gaskiya, shi ne ya sa gefen ƙasa na kowace mita ya zama kamar gado ga wasu 'yan tashoshi.

An gwada magani a wata gasa. A North American Sprint, mai awa huɗu, duk wanda ya kira CQ aka amsa masa sau ɗaya dole ya tashi, ya matsa aƙalla kilohaz 5 kafin ya sake kira, ko kilohaz 1 kafin ya amsa wa wani, gurbin ya zama na wanda ya amsa. Babu mai zama, babu mai gado. Tana da daɗi matuƙa, sai dai ba za ta yi aiki a gasar duniya ba, don idan tashar Chadi guda ɗaya tilo tana tsalle bayan kowace hulɗa, mutum ɗari da ke jiran ta za su bi ta suna tattake kowa. Gasar WAE ta ƙungiyar Jamusawa ta bi wata hanyar, ta fitar da sassan da ba a yarda a yi gasa a cikinsu ba. Wannan yana kare waɗanda ba sa gasa ne, bai ƙara wa ƙaramin mai gasa komai ba.

To me za ka yi ranar da abin ya sake faruwa? Faɗa masa sau ɗaya ko biyu, a taƙaice, da lambar kiranka, cewa gurbin yana da mai shi. Sau da yawa jin 5N kaɗai yana sa shi ya nemi ku yi hulɗa ya matsa, don yana bukatarka. In ya ƙi, kada ka tsaya ja-in-ja. Minti goma na gardama hulɗa ashirin ce ta tafi, kuma ba za ka rinjayi wanda ba ya jin ka ba. Matsa. Amma ka matsa da ilimi. Tsakanin 14,125 da 14,150 Amurkawa ba sa murya, wurin ya fi sauƙi in Turai da Kanada da Kudancin Amurka kake nema. In Amurkawa kake so da yawa, hau sama da 14,225, don daga nan ne masu lasisin General, matsakaicin matakin lasisinsu, suke da izini, a mita 15 kuma daga 21,275. Mafi kyau ma, bar mita 20 da rana. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya mita 15 da 10 suna buɗe mana da wuri su daɗe ba su rufe ba, kuma mita 10 fili ce mai faɗin kilohaz 1,700, murya daga 28,300 zuwa sama. A can wat 100 da waya suna yin abin mamaki a shekarun da rana ke da ƙarfi. Ka kuma kula da baki: a mita 20 muryarka sama da lambar da ke allon rediyo take bazuwa, don haka kada ka wuce 14,347, a mita 40 da 80 kuwa ƙasa take bazuwa.

Sai ɓangaren da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi wancan nauyi. Kai ba ƙaramin mahalarci ba ne kamar yadda kake ɗauka. Maki a CQ WW ana ninka su ne da adadin ƙasashe da shiyyoyin da mutum ya samu a kowace mita, shiyyoyin duniya kuma 40 ne. Najeriya da Nijar da Ghana suna shiyya ta 35, Kamaru da Chadi ta 36, Sudan ta 34, kuma tashoshin da ke fitowa daga waɗannan ƙasashe ba su da yawa. Da zarar wani ya sa lambarka a DX Cluster, dandalin da ake sanar da tashoshin da aka ji, ko na'urorin Reverse Beacon Network masu sauraro da sanarwa da kansu suka tsinto ka a tangaraho, cincirindo zai sauko maka. Daga wannan lokaci kai ne mai rabo, kuma yadda ka tafiyar da shi zai shafi maƙwabtanka na hagu da dama.

Jarabar farko ita ce raba ƙafa, kana magana a gurbi ɗaya kana sauraro a wani, ka ce UP, wato a kira ka sama da gurbinka, mutane su bazu sama. Wajen gasa wannan daidai ne. A cikin gasa, a mita 20 da ta cika maƙil, ka ci gurbi biyu ke nan ko biyar, ka kuma tura jama'arka kan wani bawan Allah da ke aikinsa, wato abin da aka yi maka kai ma ka yi wa wani. Inda raba ƙafa ke da hujja shi ne inda izinin ƙasashe ya saɓa, kamar mita 40, kana aikawa ƙasa da 7,125 kana sauraron Amurkawa a sama, ko mita 80 inda suke da fili har 4,000 mu kuwa 3,800. Ko a nan, ambaci gurbi ɗaya tak, ka tabbatar babu kowa a kai, ka tuna kuma sama da 7,200 a wajenmu mita 41 ce ta gidajen rediyo, inda Muryar Najeriya ta daɗe tana watsa shiri a 7,255. In cincirindo ya fi ƙarfinka a manyan mitoci, maganinsa sauri da tsari: ka kama haruffa biyu ko uku, ka tsaya a kansu har sai mai su ya shigo. Ranar da ka kira wani ka karɓi wani daban don ya fi ƙara, ka koya wa kowa cewa ihu ke biya, ba za su sake yin shiru ba.

Faɗi lambarka akai-akai, in so samu bayan kowace hulɗa. Tashar da ke shafe mintuna tana cewa QRZ, wato wa ke kira na, kawai tana tara mutanen da ba su san wa suke kira ba, wasu su kira don su tambaya, wasu su maimaita hulɗar da suka riga suka yi, gurbin ya ƙara cushewa.

Sannan ka raba kunnenka. Turai tsalle ɗaya ce ko biyu, tana nan kusan yini guda. New York kusan kilomita 8,500 ce, Tokyo ta haura 12,000, kuma hanyar Japan ko gaɓar yammacin Amurka ɗan lokaci take buɗewa ta rufe. In ka bar abin ga mai ƙarfi, ɗan shiyya ta 25 (Japan) ko ta 3 (yammacin Amurka) ba zai taɓa ratsa katangar Turawa ba. Ba laifi ba ne ka ce Asiya kaɗai na minti biyar, in dai ka cika alkawari ka dawo wa sauran, kuma kai ma riba ce, sabuwar shiyya ta fi maka Bajamushe na ɗari uku. Haka 'yan uwanmu na kusa. Tashar Nijar ko Benin a mita 15 da ƙyar za ka ji ta, don siginarta tsallake ka take yi, alhali kana bukatar shiyya ta 35 da ƙasarka kanta a kowace mita. Hulɗa da ɗan ƙasarku ba ta da maki, amma tana ninkawa. Lokaci-lokaci ka ce Afirka kaɗai ka kasa kunne.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da gasa, su ma lasisinsu bai ƙare ranar Asabar ba. Mita 30 da 17 da 12, waɗanda aka samu a taron Geneva na 1979, an yi ittifaƙi ba a gasa a cikinsu, can ne mafakarsu. A kauce wa 14,100, inda fitilun gwajin hanya 18, wato tashoshi masu aikawa da kansu, ke aikawa bi-da-bi kowane minti uku, har da na Kenya da Afirka ta Kudu. A kuma kauce wa wuraren agajin gaggawa: 14,300 da 21,360, sai 7,110 da 3,760 a yankinmu. Ƙarshen Oktoba lokacin guguwa ne a Atlantika. A 2012 guguwar Sandy tana kan hanyarta ta zuwa gaɓar Amurka a daidai ƙarshen makon gasar, masu sa ido kan guguwa kuma suna aiki a 14,325. In aka ce maka ana aikin agaji, ba a tambayar wa ya riga zuwa.

Idan ka tabbata abin da aka yi maka da gangan ne, ko siginar mutum ta fantsama fiye da kima, kada ka rama a iska. Rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, da gurbin, da lambarsa, in kana da hali ka naɗi sautin, ka aika wa kwamitin gasar bayan ka tura rajistarka. Kwamitin CQ WW yana amfani da na'urorin da ke naɗe mita baki ɗaya a wurare daban-daban, don haka za su iya komawa daidai wannan minti su ji wa ke wurin, wa ya zo daga baya, da kuma faɗin siginar kowa.